Baƙin karen da na ɗauko ya ƙi zanuwa

Tambaya: Mako biyu ke nan da na ɗauko wani baƙin kare daga gidan kula da karnukan da aka yasar. Ina ɗan taɓa zane, kuma ina so in zana shi da fenti in rataye. Amma duk hoton da na ɗauke shi sai ya fito dunƙulen baƙi, idanu na walƙiya, kunnuwa a lafe. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, ajiye burushi tukuna. Karen nan bai saki jiki ba. Kunnuwa a lafe, jela a tsakanin ƙafafu, yawan hamma da lasar baki, duk alamun tsoro ne. In kika zana shi yanzu, fargabarsa za ki rataye a bango, nan da wata uku kuma ki duba ki ga kamar wani karen ne daban.

Masu kula da irin waɗannan karnuka suna da wani lissafi da suke faɗa wa wanda ya ɗauki riƙo: kwana 3 kare yana ɗari-ɗari, mako 3 kafin ya gane tsarin gida, wata 3 kafin ya ɗauki gidan nasa ne. Kintace ne kawai, wani ya fi haka sauri, wani ya daɗe. Amma ranar da kika shigo kika tarar da shi a rigingine, ciki a sama, yana barci hankali kwance, za ki ji wani daɗi da ba ya faɗuwa. Daga nan halinsa na gaskiya zai fara bayyana: yadda yake karkatar da kai in an kira shi, ko kunne ɗaya da ke miƙewa ɗayan ya lanƙwashe. Abin da ake zanawa ke nan.

Kafin lokacin, ki ɗauki fensir ko gawayi ki riƙa zana shi yana barci. Kada ki zuba masa ido kai tsaye, don a wurin kare wannan barazana ce.

Batun hoto kuwa, kashe filasha. A bayan idon kare akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fata da ke mayar da haske domin ya gani da dare, ita ce walƙiyar da kike gani. Ki kai shi kusa da taga ko ƙarƙashin inuwa da safe, hasken ya zo ta gefe, ki tsuguna kyamara ta yi daidai da idonsa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yakan ba shi ƙaton kai da ƙananan ƙafafu.

Sai launi, inda yawancin sababbin hannu ke tuntuɓe. Kada ki matso baƙin fenti ki shafe shi da shi. Haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, za su ba ki baƙi mai rai. Inda haske ya sauka, a goshi da doron hanci da kafaɗa, gashin yakan koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Inda rana ta daɗe tana dukansa yakan yi ja-ja. Fara da manyan inuwoyi, burushi na bin kwanciyar gashi, kuma kada ki ce sai kin zana kowane sili. Ki nemi zanen baƙaƙen karnuka masu fari-fari na Edwin Landseer, mai zanen Ingila da ya rasu a 1873, ki ga yadda yake yi. Ya shahara da su har aka sa wa irin karen sunansa.

Ido da hanci su za ki bari ƙarshe. Ɗigon haske ɗaya a kowane ido, a gefen da hasken ya fito, da ɗan sheƙi a kan hanci don ya nuna danshi.

In fentin mai kike amfani da shi, ki buɗe taga, ki kuma ɗauke fentin da ruwan wanke burushi daga inda bakinsa zai kai. Wasu launukan ja da rawaya suna ɗauke da sinadarin kadmiyam, wanda guba ne.