Wai haske igiya ce ko ƙwaya, kuma da gaske Einstein ya yi kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Zariya, shekarar farko a fannin fiziks. A aji an ce mana haske igiya ce irin ta ruwa, wata rana kuma aka ce ƙwayoyi ne, ga shi abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp wani Bature yana ta kumfar baki wai Einstein yaudarar duniya ya yi, wai akwai wata aba "eta" da haske ke bi ta cikinta amma aka binne maganar. Wallahi kaina ya ɗaure, wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ai ba kai farau ba, manya sun fi shekara 200 suna wannan musu. Newton a Ingila ya ce ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi, Huygens na Holan a 1690 ya ce a'a igiya ce, amma girman sunan Newton ya danne maganarsa. Sai a farkon shekarun 1800 Thomas Young ya tura haske ta 'yan tsaga guda biyu, a bango sai ga layi-layi, nan haske nan duhu, wato haske ya haɗu da haske sun haifi duhu, kuma igiya ce ke yin haka idan tudun wata ya faɗa kwarin wata. Maxwell ya zo a 1865 ya nuna da lissafi cewa igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, gudunta wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya.

To nan eta ta shigo. Sauti sai da iska, igiyar ruwa sai da ruwa, to hasken rana da ke ratso sarari fayau ya iso mana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, me yake kaɗawa? Sai suka ce lallai akwai wata aba marar ganuwa da ta cika ko'ina. Ba shirme ba ne fa, kusan duk masanan lokacin haka suka yarda, kuma ba wanda ya binne ta, nemanta aka yi aka rasa.

A 1887 a Cleveland ta Amurka, Michelson da Morley suka ce tunda duniya na zagaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, dole a ji "iskar" eta tana bugowa. Suka raba haske gida biyu da madubi, ɗaya ya bi inda duniya ta dosa ɗaya ya gitta, su dawo su haɗu, suka ɗora kayan gaba ɗaya kan wani ƙaton dutse da ke yawo a saman zaiba don a riƙa juya shi a hankali ba girgiza, suna juyawa suna leƙawa suna rubutawa. Bambancin da suka gani bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da lissafi ya ce za a gani ba. Masu irin bidiyon nan yawanci Dayton Miller suke kawowa, wanda a shekarun 1920 ya ce shi ya hango alamar eta a Dutsen Wilson da ke Kalifoniya ta Amurka, abin da ba sa faɗa shi ne waɗanda suka maimaita gwajin ba su ga komai ba, a 1955 ma aka sake duba alƙalumansa aka ɗora laifin kan canjin zafi a ɗakin gwajin.

Einstein kuwa a 1905, yana ɗan shekara 26 ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Bern a Suwizalan, cewa ya yi a daina wahalar da kai, gudun haske ɗaya ne ga kowa. Idan kana cikin mota tana gudun kilomita 100 a awa ka jefa lemo gaba, na bakin titi zai ga gudun lemon ya haɗa da na motar, amma ka kunna fitilar motar, da kai da shi gudu ɗaya za ku auna, ko ɗigo ba ƙari. Tunda gudun ya ƙi canzawa, lokaci da tsayi ne ke canzawa, agogon mai gudu yana jan ƙafa, wannan ita ake kira ka'idar dangantaka. Na san abin yana da wuyar haɗiya, amma an auna. Agogunan taurarin ɗan adam na GPS gudu na sa su yi latti da kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, nisa da janyowar ƙasa kuma na sa su wuce gaba da kashi 45, saura 38 kenan, in ba a gyara ba taswirar wayarka za ta riƙa kauce hanya da wajen kilomita 10 a rana. Da wayar nan dai aka turo maka bidiyon.

Batun igiya ko ƙwaya kuma, malamanka duka biyun gaskiya suka faɗa. Shi dai Einstein ɗin a 1905 ya nuna haske dunƙule-dunƙule yake sauka a kan ƙarfe yana fizgo lantarki, a kan wannan aikin ma aka ba shi kyautar Nobel ta 1921, ba a kan ka'idar dangantaka ba. A tafiya yana yin halin igiya, wajen sauka yana yin halin ƙwaya, ko ɗai-ɗai ka riƙa tura ƙwayoyin ta tsagar Young sai sun taru sun zana layi-layin nan. In musu na gaske kake nema, yana can inda ka'idar Einstein ta janyowa ta ƙi jituwa da ka'idar kwantam, wato wadda ke bayanin halin ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi irin na haske, har yau masana na kan wannan fama.