Zobe da ƙararrawa: me ya haɗa su a kalmar "ring"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare. A ƙamus na ga "ring" na nufin zobe, na kuma nufin buga ƙararrawa. A talabijin kuma na ji ana kiran filin dambe da wannan suna, alhali kusurwa huɗu gare shi. Me ya haɗa su? Sannan wanne ne daidai, "rang" ko "ringed"?

Amsa: Barka kadai, 'yata. Abin da ya ruɗa ki shi ne kin ɗauka kalma ɗaya ce, alhali biyu ne, kowace da asalinta. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin shekarar 1100, akwai "hring", wato abu mai da'ira, akwai kuma aikatau "hringan", wato yin ƙara irin ta ƙarfe. A hankali harafin h na farko ya faɗi, ɗafin ƙarshe ya zube, sai suka koma kama ɗaya a rubutu da furuci. Kamar wuyan jiki da wuyar aiki ne a Hausa, sai dai mu karin sauti na raba mana su, Bature kuwa ba shi da wannan gata.

Inda yake raba su shi ne wajen faɗin abin da ya riga ya faru, kuma nan ne nake so ki buɗe ido sosai, don a nan ɗalibai ke zubar da maki. In ƙara ake nufi, "rang" da "rung" ake cewa. Da can ba haka take ba, daga baya ne ta bi sahun "sing, sang, sung". In kuwa kewayewa ake nufi, "ringed" ce kawai. Wanda ya rubuta "The police ringed the house" ya ce 'yan sanda sun yi wa gidan ƙawanya. Wanda ya rubuta "The police rang the house" ya ce sun buga waya gidan. Kin ga tazarar ba kaɗan ba ce.

Filin dambe daga ɓangaren da'ira ya fito. A Ingila ta da, 'yan kallo ne ke yin da'ira su sa 'yan dambe a tsakiya. A 1838 aka tsara dokokin damben Landan, aka ƙayyade fili mai kusurwa huɗu, ƙafa 24 kowane gefe, kewaye da igiya. Siffa ta sauya, amma baki ya riga ya saba da tsohon suna.

Sauran 'ya'yan wannan ɓangare ba su da wahala in kin riƙe hoton da'ira a ranki: titin da ya zagaye gari, zobbunan duniyar Saturn, zobba biyar na tambarin Olamfik, da layukan da ake ƙirgawa a kututturen itace don sanin shekarunsa. Gungun masu fasa-ƙwauri ko 'yan leƙen asiri ma "ring" ne, don sun haɗa kai sun rufe ƙofa, jagoransu kuma "ringleader". Ɗaya ce nake gargaɗi a kanta, wato "ringworm", makero ke nan. Babu wata tsutsa a cikinsa, ƙwayar cuta ce dangin funfuna, tabonsa ne mai da'ira. Kada sunan ya sa wani ya je neman maganin tsutsar ciki.

A ɓangaren ƙara, wayar tarho ta da ƙararrawa ce ta gaske a cikinta, shi ya sa ɗan Birtaniya ke cewa "give me a ring", wato ki kira ni. Ba zobe yake roƙo ba. Ba'amurke ya fi amfani da "call". In kuma an ambaci wani suna, mutum ya ce "it rings a bell", yana nufin kamar ya taɓa jin sa amma bai gama tunawa ba.

Akwai ta uku da kunne ba ya bambanta ta da su, sai ido: "wring", matse jiƙaƙƙen tufafi. Ba a furta w ɗin, kuma in an riga an matse, "wrung" ake cewa.