Waya ta nuna alƙiblar masallacinmu ta karkace, sai mun rama salloli?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Masallacin unguwarmu a Kano ya haura shekara 30. Na sa manhajar alƙibla a waya, na auna a gaban mihrabi sai ta nuna mun karkace da digiri 15. Na faɗa wa Baba Liman bayan sallar isha'i sai ransa ya ɓaci, wani abokina kuma ya ce duk sallolin da muka yi ɓatattu ne sai an rama. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Fuskantar alƙibla sharaɗi ne, wannan ba gardama. Ni abin da ya tsaya min a tambayarka shi ne inda ka ce a gaban mihrabi ka auna. To ɗan'uwa GPS ba ya nuna maka gabas ko yamma, aikinsa ya gaya wa wayar inda kake tsaye, kuma a nan ya ƙware, don wayoyin yanzu ba taurarin ɗan'adam na Amurka kaɗai suke kamawa ba har da Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Amma kibiyar nan da kake gani tana juyawa wani ɗan kamfas ne a cikin wayar, maganaɗisu yake bi, kuma gaban mihrabi ga rodi cikin gini ga amfilifaya ga sifika a kusa da kai, ko murfin wayarka in mai maganaɗisu ne ya isa ya ruɗa shi. Na taɓa ajiye waya biyu kan darduma ɗaya, kowacce da inda ta nuna. Don haka 15 ɗin nan taka ba ta tabbata ba tukuna.

Mu ɗauka ma ta tabbata. Alƙiblar Kano kusan digiri 68 ce daga arewa, wato gabas ta ɗan kwanto arewa, kuma magabata da rana da taurari suka yi ijtihadi. Wanda ba ya ganin Ka'aba jiha ce, wato ɓangaren da Ka'aba take, ta wajaba a kansa. A Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, wanda ya gane kuskure yana cikin salla, in karkacewar kaɗan ce juyawa kawai zai yi ya ci gaba, mai yawan ce ake yanke salla dominta, in kuma bayan sallama ya gane to maimaitawa a cikin lokaci ne kawai. Lokacin sallolin shekara 30 kuwa ya wuce.

Abokinka dai ina jin ya tsinci maganar malaman da suka ce ainin Ka'aba ake nufa ba jiha ba, ana danganta ta ga Shafi'iyya, amma bai ɗauko ta gaba ɗaya ba, su ma ga na nesa rinjayen zato suka ce ba yaƙini ba. Ka tambaye shi, sahun Idi da yake miƙewa mita ɗari biyu a miƙe sambal, Ka'aba kuma faɗinta mita goma sha wani abu ne, na bakin sahu sallarsu ta ɓaci kenan? Ba wanda ya taɓa faɗin haka. Daga Kano zuwa Makka kusan kilomita 3,500 ne, digiri ɗaya tak in ka goce ka bar Ka'aba da wajen kilomita 60, shi kansa da wayar a hannu ba zai iya riƙe digiri ɗaya daga kabbara zuwa sallama ba. Mutanen Ƙuba a Madina, zamanin Annabi (SAW), suna cikin sallar asuba labarin sauya alƙibla zuwa Ka'aba ya zo musu suka juya, ba a ce su sake abin da suka riga suka yi ba. Ya ji tsoron Allah ya daina jefa wa tsofaffi waswasi a ibadarsu.

Amma ba na cewa a bar shi haka. In aka tabbatar, a gyara, kuma ba sai an rushe gini ba, zaren sahu ko kafet ake ɗan karkatawa. Tabbatarwar kuma ku nemi safiyo, ko a ja layi a manhajar taswira ta Google Earth daga rufin masallacin zuwa Ka'aba a kwatanta da bango. Wanda na fi so ma ba ya buƙatar caji: ranar 27 ko 28 ga Mayu wajen ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli ƙarfe 10:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. Ka kafa sanda a tsaye cak a farfajiya, inda inuwa ta faɗi bayanka kenan, ɓangaren rana shi ne alƙibla. Na Mayu ya fi, Yuli hadari kan rufe ta.

Sai kai kuma. Bayan isha'i, jama'a na zaune, yaro ya miƙa wa dattijo waya ya ce shekara 30 kana jan mu a karkace, me kake so ya ji? Ka same shi a gida da safe ka durƙusa ka gaishe shi ka ba shi haƙuri, kada ka tafi da abokin nan naka. In Mayu ta zo ka roƙe shi shi ya riƙe sandar, in akwai gyara daga bakinsa jama'a za su ji. Kafin nan ka ci gaba da salla a bayansa, kuma kada in ji ka karkace kai kaɗai a cikin sahu.

Wallahu a'alam.