Amsa ga mai son koyon rawar Lindy Hop da Charleston a gida

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka ci karo da wani tsohon bidiyo marar launi inda samari ke wurga 'yan mata ta kan kafaɗa suna sauka daidai da kiɗa, abin ya burge ka, kuma kai da maiɗakinka kuna son ku koya a gida tunda babu mai koyarwa a garinku. Kana so ka san daga ina ake farawa, da kuma ko kallon bidiyo kaɗai ya wadatar. Na yi shekara bakwai ina wannan rawa tun zamana a Landan, saboda haka bari in faɗa maka abin da na so a faɗa mini tun ranar farko.

Ina kyautata zaton abin da ka gani shi ne wasan ƙungiyar Whitey's Lindy Hoppers a wani fim na 1941, domin shi ne ke jawo yawancin mutane. Ka sani waɗannan ƙwararru ne da suka shafe shekaru suna rawa kowane dare, kuma abin da suka yi a gaban kyamara shiri ne na nuna bajinta. Frankie Manning, wanda ya tsara wasan, shi ne ya fara shigo da wurgi cikin rawar a wajen 1935, kuma kafin ya nuna shi a bainar jama'a sai da shi da abokiyar rawarsa Frieda Washington suka shimfiɗa katifa a ƙasa suna faɗuwa suna tashi. Har yau a wuraren rawa na yau da kullum ba a yarda kowa ya yi wurgi a tsakiyar mutane ba. Ku ajiye wannan a gefe tukuna.

Asalin rawar ta baƙaƙen fatar Amurka ce. Charleston ta riga ta fitowa, ta ɗauki sunan wani birni a jihar Karolina ta Kudu, ta kuma game duniya daga 1923. Ita kuwa Lindy Hop a unguwar Harlem ta New York ta girma, musamman a zauren Savoy da aka buɗe a 1926 aka rufe a 1958, inda baƙi da fari ke rawa a fili ɗaya a zamanin da wariyar launin fata ta hana hakan a wurare da yawa. Dandamalin makaɗa biyu ne a zauren, da wata ƙungiya ta ajiye kiɗa sai ɗayar ta ɗauka, don haka kiɗa ba ya yankewa. Na kawo wannan ne domin ka gane cewa waɗanda suka ƙirƙiro rawar ba a aji suka koye ta ba. Kiɗan ya zauna musu a kunne tun kafin ƙafarsu ta san taku, kuma a nan ne mu da muka zo daga baya muke yin kuskure, muna hardace taku alhali ba mu iya sauraro ba.

Don haka shawarata ta farko ita ce ku yi mako biyu kuna sauraron kiɗan kawai. Ku nemi na Count Basie, ko Chick Webb wanda ƙungiyarsa ta daɗe tana kaɗawa a Savoy, ku zaɓi masu sanyin gudu, kamar bugu 120 zuwa 140 a minti. Ku riƙa ƙirga ɗaya zuwa takwas kuna komawa, kuna tafi a kan biyu da huɗu da shida da takwas. Da farko hannu zai so ya faɗa kan ɗaya da uku. Ku hana shi. Bayan 'yan kwanaki za ku lura cewa yawancin waƙoƙin suna tafiya ne takwas-takwas sau huɗu sannan su juya, kuma za ku fara jin zuwan juyin tun kafin ya iso.

Sai rausaya. Ka tsaya ƙafa a ware kaɗan, ka sassauta gwiwa, ka ɗan sunkuya daga ƙugu kamar mai shirin ɗaukar buhu, nauyinka a kan gaban tafin ƙafa, sannan ka bar jikinka yana sauka kaɗan-kaɗan a kan kowane bugu. Ƙasa ake nufa, ba tsalle ake yi ba. Wannan ne ya bambanta ta da raye-rayen fadar Turai inda ake miƙewa kamar sanda, kuma a ganina duk wanda ya tashi yana ganin yadda ake taka rawa a gaban kalangu ya riga ya san rabin wannan tsayuwar, sai dai kunya ta sa ya sandare.

Takun kansa ba shi da yawa. Mai ja, wato wanda ke jagorantar rawar a cikinku, yana farawa da ƙafar hagu, mai binsa kuma da ta dama. Taku ɗaya baya, a dawo da nauyi gaba, wato ɗaya da biyu. Sai taku uku cikin bugu biyu, wanda ake ƙirgawa uku-da-huɗu. Sai taku biyu a kan biyar da shida. Sai wani taku ukun a kan bakwai-da-takwas. Taku ukun nan ba daidai ake raba shi ba, na farko ya fi tsawo, na biyu gajere ne, kamar mai ɗan ɗingishi da gangan. Kowannenku ya yi shi shi kaɗai har sai ya iya hira yana yi. Charleston ma kowa ya fara koyon ta shi kaɗai, domin taɓa gaba, taka baya, taɓa baya, taka gaba ne kawai, murza dunduniya kuma daga baya take zuwa.

Inda bidiyo ke gazawa shi ne riƙo. A watana na huɗu, ina ganin na iya, na nemi wata dattijuwa mai furfura ta yi rawa da ni. Ba mu yi rabin minti ba ta tsaya, ta ɗaga hannunta ta nuna mini shatin babban yatsana a bayan hannun, ta ce in rufe ido. Ta ɗora yatsunta a kan nawa kamar ƙugiya, ba matsi, ta ce in koma baya da dukan jikina, hannu kuma in bar shi yadda yake. Da na matsa sai na ji ta taho da kanta, ba tare da na ja komai ba. Ashe duk watannin nan fizgar mutane nake yi da ƙarfin dantse, su kuma suna haƙuri da ni. Kyamara ba ta nuna wannan, domin mai fizga da mai ja da jiki kusan iri ɗaya suke a ido. Tunda ku biyu ne kawai, ku yi wannan gwajin na rufe ido a kai a kai, kuma ku riƙa musanya, wani lokacin ita ta ja kai ka bi, domin sai ka bi za ka san abin da hannunka ke yi mata. Ina roƙonka kada ka zama malaminta. Na ga ma'aurata da yawa sun bar rawar saboda miji ya mayar da falo aji.

Sai kun samu wannan za ku shiga babban juyin da ake kira suwin-awut, inda kuke haɗuwa ku zagaya juna sannan ka sake ta ta koma ƙarshen hannu cikin ƙirga takwas. Shi ne ƙashin bayan rawar, kuma Manning da kansa, wanda ya yi kusan shekara 30 yana aiki a gidan waya kafin matasa daga Amurka da Suwidin da Ingila su farfaɗo da rawar a shekarun 1980, ya ci gaba da koyar da shi har gab da rasuwarsa a 2009 yana da shekara 94. Idan falonku ƙarami ne, ku duba Balboa, wadda ta fito daga kudancin Kalifoniya inda cunkoso ya sa ake rawa ƙirji da ƙirji da ƙananan taku.

Ku kula da daɓe. Na taɓa murɗe gwiwa saboda na juya da takalmi mai ƙasan roba a kan kafet, ƙafa ta tsaya, jiki ya wuce, na yi mako shida ina ɗingishin gaske. Ku naɗe kafet, ku sa takalmi marar tsini mai ƙasan fata, ko safa mai kauri idan tayil ɗin bai cika santsi ba. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Ku jingina waya a kan kujera ku ɗauki kanku sau ɗaya a mako, kuma idan kun kai wata guda ka sake rubuto mini abin da ya fi ba ku wahala, in faɗa maka yadda na yi da shi.