Likitan da nake ƙarƙashinsa yana matsa mini a aikin dare

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Kano, ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda. Likitan da nake ƙarƙashinsa yakan aike ni ɗakin ajiyar magani cikin dare, sai ya biyo ni ya tare ƙofa, yanzu har ya fara kai mini hannu da turo saƙonnin batsa. Ina tsoron in na yi magana a soke kwantiragina a mai da ni gida.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita. Abin da kika bayyana laifi ne a dokar Saudiyya, kuma kasancewarki baƙuwa mai iƙama (takardar izinin zama a ƙasar) bai rage miki haƙƙi ba. Dokar hana cin zarafi ta shekarar 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 da tarar da ta kai riyal 100,000, amma idan a wurin aiki aka yi, ko mai laifin yana da iko a kan wadda ya zalunta, hukuncin zai iya kai shekara 5 da riyal 300,000. Al'amarinki ya haɗa duka biyun. Dokar ta kuma wajabta wa ma'aikatu su buɗe hanyar karɓar ƙorafi tare da rufa asirin mai ƙorafin.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne hujja, domin irin wannan mutum yana zaɓen lokacin da marasa lafiya suka yi barci, ma'aikata suka ragu, kuma yana zaɓen wurin da ido ba ya kaiwa. Kada ki goge saƙo ko ɗaya, duk da ƙyamar da kike ji idan kika gan shi. Ki ɗauki hotonsa yadda lambar waya da kwanan wata za su fito, ki adana a wani wuri daban. Ki riƙa rubuta rana da sa'a da wanda yake bakin aiki tare da ke. Doka ta hana sa kyamara a ɗakin duba marasa lafiya, amma ta baranda za ta nuna shigarki da shigarsa, kuma ba a ajiye hotunan har abada, saboda haka ki nemi a killace su tun da wuri.

Ki kai ƙorafin a rubuce ga shugabar ma'aikatan jinya da ofishin ma'aikata, ki karɓi shaidar cewa ya isa, ki nemi a raba jadawalinku. Idan suka yi shiru, ki kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911, kuma 'yan sanda suna amsa 911 a yankin Makka, wanda Jidda take cikinsa. Ina roƙonki kada ki wallafa sunansa a Facebook, domin dokar laifukan intanet ta 2007 tana iya juyowa kanki da tuhumar ɓata suna.

Game da kwantiragi, sashe na 81 na dokar ƙwadago ya bai wa ma'aikaci damar barin aiki ba tare da sanarwa ba, haƙƙoƙinsa cikakku, idan mai aikin ko shugabansa ya yi masa abin da ya saɓa wa tarbiyya. Sai dai kada ki daina zuwa aiki kafin ki shigar da ƙara, don kada a rubuta cewa kin gudu, lamarin da zai lalata miki iƙama. Ki sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda.

Idan, Allah ya kiyaye, abin ya kai ga fyaɗe, ki je wani asibiti daban kafin ki yi wanka ko ki wanke tufafin, ki nemi maganin kariya daga cutar ƙanjamau, wanda dole a fara sha cikin sa'a 72.