Tambaya da Amsa: Sabon Injin Wanke-wankena Ba Ya Fitar da Kwanuka Fes

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Wata huɗu ke nan da bikina, kuma cikin kayan kicin da iyayena suka yi mini har da injin wanke-wanke, babba mai faɗin santimita 60, wanda takardarsa ta ce yana ɗaukar kayan cin abincin mutum 13. Satin farko na ji daɗinsa sosai. Yanzu kuwa kofunan gilashi suna fitowa da wani fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, farantan da ke layin ƙasa nakan tarar da ɓurɓushin shinkafa a manne, tukunyar tuwo kuma yadda na sa ta haka nake ciro ta. Sau uku yana tsayawa yana ƙara, alamar famfo tana walƙiya. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, daga tankin da ke kan ƙarfe a bayan gida, gidan kuma ba bene ba ne. Maigidana ya ce mu mayar tun garanti bai ƙare ba, ni kuma ina jin nauyin Baba ya ji cewa abin da ya kashe wa kuɗi bai yi ba. Injin ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba? Ƙanwarki daga Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Ki kwantar da hankalinki. A bayanin da kika yi ban ga alamar lalataccen inji ba, sai dai injin da ruwa ba ya isar sa, ba a kuma zuba masa gishirinsa ba. Shekarata bakwai da irinsa a kicin ɗina, kuma duk abin da kika lissafa sai da ya same ni a watannin farko, har na lulluɓe shi da zane na koma bakin famfo da soso kusan wata biyu.

Mu fara da alamar famfon nan, don ita ce tushen magana. Masu ƙera wannan inji sun yi shi ne don gidajen da ruwa ke shigowa da ƙarfi daga babban bututun gari. Ki buɗa takardarsa wajen shafukan ƙarshe, za ki ga an rubuta ƙarfin ruwan da yake buƙata da wani ma'auni da ake kira bar. Yawanci mafi ƙaranci rabin bar ne, wasu ma sai bar ɗaya cur. To ruwan tanki ba abin da ke tura shi sai tsayinsa, kuma kowace mita 10 ta tsayi ita ke ba da bar ɗaya. Ke nan kafin ki samu rabin bar, sai ruwan da ke cikin tankin ya ɗara bakin injin da mita 5. Tankunan gidajenmu na ƙasa da yawa mita uku ne ko huɗu. Da safe idan an cika tanki abin yakan lallaɓa, zuwa yamma ruwa ya ja baya, ƙarfi ya ragu, injin ya jira mintocin da aka tsara masa bai cika ba, sai ya tsaya yana kiran ki. Ina kyautata zaton idan kika tuna, duk sau ukun nan tankinku ya yi ƙasa.

Gwajin ba shi da wuya. Ki rufe famfon da ke ba shi ruwa, ki kwance tiyon, ki tara bokiti mai lita 10, ki buɗe famfon gaba ɗaya. Idan minti ɗaya ya wuce da nisa bokitin bai cika ba, ruwan ya yi masa kaɗan. Tun da kin kwance, ki leƙa bakin tiyon: akwai wata 'yar rariya kamar hular yatsa a ciki. Ranar da na ciro tawa, yashi ne cunkus, ja-ja, irin wanda burtsatse ke turowa. Na wanke ta da tsohon buroshin haƙori. Daga baya mai gyaran famfo ya sa mana ƙaramin famfon ƙara ƙarfi mai tashi da kansa, da matatar yashi kafin ruwan ya shiga kicin, kuma tun ranar alamar nan ba ta sake walƙiya ba. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin injin ba.

Ɓurɓushin shinkafa kuma daga ƙasan injin yake tasowa. Mutane da yawa suna zaton yana ta jawo sabon ruwa ne har ya gama. A'a, lita 10 zuwa 12 kacal yake sha a wanki guda, ruwan da ya ɗiba shi yake ta juyawa yana feshi da shi ta waɗannan hannuwa masu kama da farfela. Abin da ke tace wannan ruwa shi ne matatar da ke tsakiyar ƙasa, wadda ake murzawa hagu a ciro. Idan ta toshe da maiƙo, dattin da ya bar faranti ɗaya sai ya koma kan wani. Ki ciro ta duk mako ki wanke a famfo. Ki ciro farfelun su ma, ki ɗaga su wajen haske: 'ya'yan tumatir da na attaruhu da riɗi su ne ke toshe ramukan, tsinken sakace ya isa ya fitar da su. Kafin ki rufe ƙofa kuma ki riƙa juya su da hannu, don sau da yawa mariƙin ludayi ne ya leƙo ƙasa ya tare hanya, farfela ta yi awa biyu a tsaye ba ta zaga ko sau ɗaya ba.

Batun fari-farin kofuna, je ki leƙa cikin butar da kike dafa ruwan shayi. Idan kin ga farin ɓawo ya kama ƙasanta, ruwanku mai nauyi ne, wato yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magnisiyam da ya kwaso daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya yi wa buta shi yake yi wa kofunanki, shi kuma zai yi wa ƙarfen da ke dafa ruwa a cikin injin idan aka bar shi. Saboda haka ne aka yi wani rami mai murfi a ƙasan injin, kusa da matata. Gishiri ake zubawa a ciki, wajen kilo ɗaya, shi ke farfaɗo da abin da ke tausasa ruwan. Masu kawo kaya gida ba kasafai suke faɗa ba; ni sai da na yi wata biyar ban san da ramin ba. Gishirin nasa daban ne, mai manyan ƙwayoyi, ba a gauraya shi da komai ba. Kada ki zuba na miya, domin yana da laushi kuma an sa masa aidin da maganin hana dunƙulewa, zai iya toshe wurin. A jikin ƙofa, gefen gidan sabulu, akwai wani ƙaramin gida na ruwan ɗauraya, shi ke sa ruwa ya zame daga gilashi bai bar ɗigo ba. Ko da dunƙulen sabulunki an rubuta cewa ya haɗa komai, a ruwa mai nauyi bai wadatar ba.

Ɗauki kofi ɗaya ki goga masa lemon tsami. Idan farin ya fita, nauyin ruwa ne, gishiri zai magance. Idan kin lasa kin ji gishiri-gishiri, murfin ramin ne bai rufu da kyau ba. Idan kuma ya ƙi fita ko kaɗan, gilashin ne ya cinye, wannan ba ya gyaruwa, sai dai ki rage zafi ga sauran.

Tukunyar tuwo kuwa, a nan ba zan ba ki fata ba. Matar da ta fara fito da injin da ya karɓu, Josephine Cochrane ta jihar Illinois a Amurka, wadda ta samu rajistar ƙirƙirarta a 1886, damuwarta ita ce farantanta na tangaran da ake ɓantarewa wajen wanki. Har yau ƙarfin injin yana kan faranti da kofi da cokali da kwanon silba. Ƙanzo ba sa'ansa ba ne. Ki jiƙa tukunyar ki kankare, ki wanke da hannu. Idan ma ta dalma ce, kada ta shiga sam: sabulun injin yana da kaifi irin na kanwa, zai mayar da ita baƙa-baƙa. Muciya, ƙwarya, akushi, turmin daka yaji da duk wani abu na itace zafi zai tsage su. Kulolin abinci masu rufi biyu ruwa yakan shige tsakaninsu ya zauna. Robobi kuma manja da tumatir sukan rina su ja, kuma ba sa bushewa kamar tangaran, wannan ba laifin injin ba ne.

Sauran kayan ki share ragowar abinci a kwandon shara kawai, ba sai kin ɗauraye ba. Sabulun yana da sinadarai masu narkar da sitaci da masu narkar da ƙwai da nama, kuma injinan yanzu da yawa suna duba duhun ruwa su ƙara lokaci ko su rage. Sai dai kofin koko ko kunu da ya kwana ya bushe, wannan ki ɗan jiƙa. Ranar miyar taushe ko farfesu ki zaɓi wanki mai zafin digiri 65 ko 70. Sabulun ruwa na wanke-wanken hannu kuma ko ɗigo kada ya shiga, kumfa zai cika miki kicin. Dunƙulen sabulun ki adana shi a roba mai murfi, don danshin damina yana kashe masa ƙarfi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba: wuta. Ita ce ke yanke wa waɗannan injina kwana a ƙasar nan. Lokacin da yake dafa ruwa yana jan wajen wat 2,000, kamar dutsen guga biyu. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, inbata ma sai babba. Idan wuta ta zo da rauni, a ce 180 maimakon 230, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin dafa ruwan ya tafi, wanki ya yi ta ja, maiƙo ya ƙi fita. Da ya gama ki buɗe ki taɓa faranti: ya kamata tururi ya buge ki, farantin kuma ya yi zafin da ba za ki iya riƙewa ba. Idan ɗumi-ɗumi kika ji alhali wuta lafiya lau, to wannan kam matsalar inji ce.

Nawa a shekararsa ta biyu aka dawo da wuta da ƙarfi wani dare, allon da ke sarrafa shi ya ƙone. Wata uku ina jiran a kawo wani daga waje, shagon da na saya kuma suka ce garanti bai shafi ɓarnar wuta ba. Na duba takardar, haka aka rubuta. Don Allah ki roƙi maigidanki ya sa masa sitabilaiza mai ƙarfi, irin mai ƙarfin 5,000, da soket nasa shi kaɗai a bango mai wayar sauke wuta ƙasa, ba a jona shi da firji a wayar ja ba. Idan an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, yawancinsu suna ci gaba daga inda suka tsaya, amma ki kashe soket ɗin, sai wutar ta dawo ta zauna ki kunna. Wankin da ake kira na tattali yana cin awa uku zuwa huɗu. A unguwar da wuta ba ta zama, gara ki zaɓi gajere mai zafi. Ki kuma kula da kyankyasai da ɓeraye, ɗumin ƙofar yana jawo su, su ɓata allo ko su ci tiyo.

Ga shawarata kan mayarwa. Ki ba shi mako biyu: ki gyara ruwa, ki zuba gishiri da ruwan ɗauraya, ki wanke matata. Duk ranar da ya tsaya ki ɗauki hoton lambar ko alamar da ya nuna. Idan bayan haka yana barin ruwa kwance a ƙasa, ko yana yoyo, ko ba ya zafi, ku ɗauki rasit da katin garanti ku koma, kuma kada ku bari wani mai gyara na unguwa ya buɗe shi kafin nan, don hakan yana soke garanti. Ku tambaye su ko suna ajiye famfon fitar da ruwa, da bawul ɗin shigar ruwa, da robar ƙofa, su ne suka fi saurin gajiya. A ƙasashen Tarayyar Turai tun Maris 2021 doka ta tilasta wa kamfanoni ajiye kayan gyaran irin wannan inji na shekara 7 zuwa 10, mu kuwa a nan sai abin da dillali ya kawo. Idan shago ya ƙi sauraron ku alhali kuna da gaskiya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi. Baba kuma ba sai ya ji komai ba tukuna. Ranar da ya zo, ki zuba masa ruwa a kofin da ya fito yana ƙyalli.

TAMBAYA: Anti, yayana da ke Amurka ya ce zai sako mini injin wanke-wanken da ya ɗan yi amfani da shi a kwantena. In karɓa? Ɗanki daga Zariya.

AMSA: Ka yi masa godiya, amma ka ce ya bari. Injinan Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, saurin bugawar wutar ma ba ɗaya ba, tasu 60 tamu 50. Ko ka sa taransifoma, famfon ciki ba zai yi gudun da aka tsara masa ba. Yawancinsu kuma bututun ruwan zafi ake jona musu, ga shi da yawa ba su da ramin gishiri. Idan yana son taimaka maka, ya turo kuɗin ka sayi wanda aka yi don Turai, wutarmu ɗaya da su, a wurin dillalin da zai ba ka rasit da garanti a rubuce.