Amsa ga 'yar'uwar da T4 ɗinta ya hau tana fama da ciwon hanta

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce ciwon hanta nau'in B ya taso miki har ido ya yi rawaya, sai gwaji ya nuna T4, sinadarin da tayiroid (ƙwayar nan ta gaban wuya) ke fitarwa, ya wuce iyaka, wani mai kemis kuma ya ce ki fara shan maganin tayiroid. Don girman Allah ki dakata. Maigidana ya shiga irin wannan hali a nan Tudun Wada, ni na yi ta jigilar takardunsa.

Ga yadda likitarsa ta fahimtar da mu. T4 ɗin da ƙwayar nan ta gaban wuya ke fitarwa ba ya yawo shi kaɗai a jini. Sama da kashi 99 cikin 100 a goye yake a bayan wasu furotin, babbansu TBG, kuma hanta ce ke yin su. Idan hanta ta kumbura, TBG kan ƙaru, masu goyo su yi yawa, sai jimlar T4 ta hau a takarda. Amma wanda ke aiki a jiki shi ne ɗan kaɗan ɗin da ba a goya ba, wanda ake rubuta FT4. Namu da aka auna FT4 da TSH (sinadarin da ke umartar tayiroid ya yi aiki), lafiya lau suke. Da hantar ta lafa aka sake gwaji, T4 ya sauko da kansa.

Hanta kuma tana cikin masu juya T4 ya koma T3, wato nau'insa da ya fi ƙarfin aiki, shi ya sa wanda ciwonsa ya daɗe yakan ga T3 ya yi ƙasa.

Abin da ya fi tayar min da hankali a maganarki shi ne maganin. Magungunan rage aikin tayiroid irin su Carbimazole da PTU su kansu suna iya taɓa hanta. Yaya za a ɗora su a kan hantar da ke kuka, ba tare da an tabbatar ba? Jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a mota ma ki ajiye su.

Sai dai idan kina jin faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan zufa, kina ramewa alhali kina ci, ko maƙoƙo ya fito, kada ki jira, domin tayiroid mai wuce gona da iri shi ma yana ɗaga ALT, sinadarin da ake aunawa a jini don a ga ko hanta ta taɓu. Ki kwashi takardun hanta da na tayiroid gaba ɗaya ki kai wa likita a asibitin Barau Dikko ko na Shika, ki roƙi a auna TSH da FT4 tare.